Neman kalmar Hausa: me za mu kira roller coaster?

1/ Jiya ƙanwata ta turo min bidiyon Formula Rossa, wani roller coaster da ke wurin wasanni na Ferrari World a Abu Dhabi. Hajiyarmu ta leƙo wayar ta ce, "Wannan kuma wane irin jirgi ne ba direba?" Na buɗe baki, na rasa sunan da zan ba ta. Jama'a, a taimaka.

2/ Ga yadda abin yake: taragai ne a kan layin ƙarfe, babu inji a jikinsu. Galibi sarƙa ce ke jan su zuwa ƙololuwa, sai a sake su, nauyinsu ya ƙarasa aikin. Shi Formula Rossa, da aka buɗe a 2010, harba shi ake yi, cikin daƙiƙa 5 ya kai gudun kilomita 240 a awa. Har tabarau ake ba mahaya saboda yashi da ƙwari.

3/ Wani ya ce "jirgin alkafura". Ya yi min daɗi a baki, amma ba kowanne ke juya mutum kai ƙasa ba. Shi kansa Formula Rossa ba ya yi.

4/ 'Yan'uwanmu na Nijar sun san shi da sunan Faransanci, wanda ma'anarsa "tsaunukan Rasha". Abin dariya, su Rashawa "tsaunukan Amurka" suke cewa. Kowa na ɗora wa wani. Mu kam bai kamata mu shiga wannan rigimar ba. Wasu Larabawa kuma "jirgin mutuwa" suke kiransa. Wa zai sayi tikiti da wannan suna?

5/ Ni dai lilo na riƙe. Ranar sallah yaro cewa yake "a kai mu lilo", ko mai juyawa ne, ko mai hawa sama, duk lilo ne a wurinsa. Kalmar ta riga ta faɗaɗa da kanta. Na so "lilon dogo", tunda a kan dogo yake tafiya, sai aka ce min za a zaci lilon wani dogon mutum ne. Gaskiya ne kuwa.

6/ Saura "jirgin lilo". Na gwada shi a kan Hajiya. Ta sake kallon bidiyon, ta ce, "To, jirgin lilon nan dai ba da ni ba."