Kallon finafinan gasa a Damagaram: kowa ya faɗi nasa

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk Janairu, da an fitar da sunayen finafinan da za su kara a gasar Oscar, fadarmu, wato majalisarmu ta hira, sai ta koma ɗakin kallo. Sanyi ya hana zaman waje, mu shige zaure, a ɗora shayi, kowa da takardarsa yana ba da maki daga ɗaya zuwa goma. Shekara uku ke nan muna yi, kuma da wuya zaɓinmu ya zo ɗaya da na alƙalan. Abin yana damuna. Ku me kuka kalla, kuma da wane mudu kuka auna?

Malama daga Sabon Gari:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ni ban taɓa kula da gasannin nan ba sai 2018, da Nijar ta tura fim ɗin Rahmatou Keïta, Zin'naariyâ!, zuwa Oscar, karon farko da ƙasarmu ta yi haka. Labarin na masarautar Damagaram ne. Tare da ɗiyata muka kalla. Ita ta saba da na Kano da na Indiya masu fassara, sai ta ce, "Mama, wai yaushe za a fara labarin?" Ni kuwa idona na kan suturar matan da kunyar da ke tsakanin yara da manya, irin wadda na tashi a cikinta. Goma na ba shi tun bai ƙare ba. Bai kai jerin ƙarshe ba, na kuma ji zafi har raina.

Ɗan Kara-Kara:
Malama, ke kin ga gidanku kin yi murna. Ni na ga namu na kasa barci. Fim ɗin Aïcha Macky na 2021, wanda ta sa wa sunan garin nan, Zinder, a unguwarmu aka ɗauke shi. Samarin fale, wato gungun ƴan daba na unguwa, masu ɗaga ƙarfe, masu fasa dutse, masu shigo da mai daga iyaka, duk rayuwar da na buɗe ido na tarar ce. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ɗiyar gari ce, ta zauna da mutane har suka saki jiki suka yi magana, shi ya sa na yarda da ita.

Amma da na ji ana yabonsa a bukukuwan Turai sai gabana ya faɗi. Mutumin da bai taɓa taka Zinder ba, me zai tafi da shi? Zai san cewa unguwar da aka ware wa kutare tun da can, har yau jikokinsu ke biyan bashin wariyar? Ko ƙwanji da tabon wuƙa kawai zai tuna? An miƙo mini takardar maki a fada, na mayar ba rubutu. Mutum ba ya ba maƙwabcinsa bakwai cikin goma. Na sake kallonsa sau biyu ni kaɗai, kuma mahaifiyata har yau ban nuna mata ba.

Tsohon malamin makaranta, Zango:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi magana mai nauyi. Zan ƙara abu ɗaya. A 2023 na bi mota har Wagadugu don FESPACO, bikin finafinan Afirka da aka fara a 1969, wanda Oumarou Ganda namu ya fara ɗaukar babban kambunsa a 1972. A can na gane abin da ya sa makinmu ke saɓa wa na alƙalai. A babban allo, cikin duhu, za ka ji iskar da ke bayan maganar, ka ga inda aka yanke hoto aka haɗa. Su wannan suke aunawa, sauti daban, hoto daban, wasa daban. Mu a waya labarin kaɗai ke iso mu.

Ɗalibar jami'a:
Baba gaskiya ne, ga kuma tsadar mega. Sannan rubutun fassara na Faransanci yana gudu, rabin fadarmu ta mata ba sa kamo shi, sai ni in dinga tsayarwa ina mayarwa Hausa. Shi ya sa na yi farin ciki a 2024 da Najeriya ta tura Mai Martaba, fim na Hausa. Ku tuna a 2019 an cire musu Lionheart saboda Ingilishi ya yi yawa a ciki. A rukunin Oscar na finafinan ƙasashen waje harshenmu ba cikas ba ne.

Ɗan Birni:
Na gode muku duka. Baba, mun samu aron majigi da lasifika, Juma'a bayan isha za mu gwada a bangon zauren. Ɗan Kara-Kara, in ka yarda da na unguwarku za mu fara, kai za ka yi mana bayani, takardun maki kuma a aljihu za su kwana.