Neman kalma: me za a kira coral mai rai da ake kiwo a gilashi?

Rabi'atu:
Assalamu alaikum. Malamai ku agaza mini kafin Laraba da azahar, lokacin zan shiga naɗar murya. Shirin kimiyya na minti 15 nake haɗawa, na yi hira da wani bawan Allah mazaunin Jidda da ke kiwon coral, wata halittar teku, a falonsa, cikin ɗan akwatin gilashi mai cin lita 60, tare da jatan lande biyu da dodon koɗi. Da Hausa muka yi hirar, amma manyan kalmomin duk da Turanci ya faɗe su. Uku suka tsaya mini: coral, reef (ginin da coral ke yi a ƙarƙashin teku), invertebrates. Shi kansa aquarium ɗin ban gamsu da "akwatin gilashi" ba.

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Ta farko ba ta buƙatar nema, murjani ne. Yana cikin Suratur Rahman aya ta 22 tare da lu'ulu'u, kuma an faɗi cewa daga teku suke fitowa.

Rabi'atu:
Malam, na gwada a gida. Na ce wa mahaifiyata wani yana kiwon murjani, ta ce a ina aka taɓa kiwon dutsen wuya? A kunnenta murjani abin ado ne da ake zura wa zare. Masu saurarena kuwa irinta ne.

Hajiya Binta:
Hajiyarki tana da gaskiya, kuma gaskiyar ta wuce haka. Shekara 19 ina koyar da bayoloji, kullum a nan ɗalibai ke tuntuɓe. Jan murjanin da ake ado da shi ƙashin wata dabba ce ta Bahar Rum, wadda ke zama a cikin kogon dutse na ƙarƙashin ruwa inda haske bai cika kaiwa ba, kuma ba ta gina reef. Yawancin waɗanda ake kiwo a gilashi dangi ne, amma rayuwarsu dabam. Akwai wata 'yar gansakuka da ido ba ya gani zaune cikin namansu, ita ke haɗa abinci da haske ta ba su, su kuma su ba ta masauki. Shi ya sa mai kiwo ba ya wasa da fitila. Idan zafi ya yi yawa sai dabbar ta kori gansakukar ta yi fari fat, kamar yadda aka gani a gaɓar Ostireliya a 2016. Turawa ma sun daɗe suna ɗaukarsa tsiro, sai a shekarun 1720 wani likita Bafaranshe, Peyssonnel, ya nuna dabba ce. Shawarata: ki ce "dabbar murjani" a karon farko, daga baya "murjani mai rai".

Baba Alto:
Ku dakata. Me ya kai mu aron Larabci alhali abin yana bayan gidan kowa? Surin teku. Ƙananan halittu masu taushin jiki, dubu bisa dubu, sun taru sun gina abin da ya fi su girma nesa ba kusa ba, suna zaune a cikinsa. Wane Bahaushe ne bai san gara da suri ba? Ki ce surin teku, ɗan shekara bakwai zai gane.

Hajiya Binta:
Baba, kwatancen ya yi kyau, wallahi har zan ara a aji. Amma gara ƙasa take ɗebowa ta yi gini. Wannan daga jikinta take fitar da sinadarin alli, ginin ƙashinta ne. Sannan suri ya fi dacewa da reef, ba da dabbar ba.

Baba Alto:
To reef surin teku, dabbar kuma garar teku. An gama.

Mamman Damagaram:
Garar teku ba za ta yiwu ba, Baba. Gara ɓarna aka san ta da ita, mai saurare zai zaci abin kashewa ne. Kuma murjani ya zama namu tun kafin a haife mu duka. In za a kori aro, a fara da littafi da alƙalami.

Usman Bur Sudan:
Gaisuwa daga bakin Bahar Maliya. Mu nan abin ba labari ba ne, jirgin ruwa sai ya bi hanya da lura saboda shi. Wani reef mai suna Sanganeb yana can cikin teku daura da garinmu, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016. Masunta sha'ab suke cewa, mu ma da shi muke faɗa ko da Hausa muke magana. Ban ce a ɗauka ba. Abin da nake so ku sani, wanda ya gan shi da ido ba zai kira shi suri ba. Wani wuri shimfiɗe yake kamar fa, wani wuri ya yanke ya yi ƙasa kamar gefen tsauni.

Baba Alto:
Ɗana, Hausarku ta can ta sha Larabci ta ƙoshi. Ba daga can za a auna mana kalma ba.

Usman Bur Sudan:
Baba, da girmanka, wannan maganar ta yi mini zafi. Kakana a ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, ya zauna nan, bai yar da harshen ba. Mu ma ba mu yar ba. 'Ya'yana da Hausa suke gaishe ni kowace safiya.

Mamman Damagaram:
Abin da ake yi mana ke nan mu ma. In mun kawo kalma a ce ta Nijar ce, in Kano ta kawo a ce daidaitacciya.

Malam Sabo:
A yi haƙuri da juna. Yarinyar nan Laraba take jira.

Ɗan Jidda:
Ni ne mai akwatin, Malama Rabi'atu ta ce in leƙo. Sunan da kuka zaɓa duk na yarda, amma ina roƙo kada a fassara invertebrates da "ƙwari", na ga wani ya taɓa rubuta haka. Dalilina: akwai maganin cutar kifi da ake haɗawa da sinadarin jan ƙarfe, kifi yana jure shi, amma ɗan kaɗan ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi da murjanin gaba ɗaya. Dole mai saurare ya gane cewa waɗannan ukun 'yan gida ɗaya ne, kifi kuma gidansa dabam. Sannan don Allah a faɗa a shirin cewa ba gishirin miya ake zubawa ba, akwai haɗaɗɗen gishiri na musamman, kuma ana so gishirin ruwan ya kai kamar giram 35 a lita, kwatankwacin na teku. Zafin ruwa 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos. In ruwa ya ragu saboda tururi, tataccen ruwa mara gishiri ake ƙarawa, domin gishirin bai tafi ko'ina ba. A lita 60 kwana biyu ka yi sakaci ruwan ya canza. Ni na yi asarar guda uku daga cikin abin da nake kiwo a wata bazara da na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, na daɗe ina jin abin a raina. Sabon akwati kuma sai ya yi makonni yana zagaya ruwa kafin a sa komai mai rai.

Hajiya Binta:
"Dabbobi marasa ƙashin baya". Yana da tsawo, amma shi muke faɗa a aji kuma ba ya ɓatar da kowa.

Mamman Damagaram:
Aquarium kuma kwamin gilashi. Masu kiwon tarwaɗa sun riga sun saba da kwami.

Malam Sabo:
Kwami na siminti ne a tsakar gida. Tankin gilashi ya fi saurin shiga kunne.

Rabi'atu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan shiga da shi: dabbar murjani, dabbobi marasa ƙashin baya, tankin gilashi. Reef zan ce "tsaunin murjani na ƙarƙashin teku", sannan in ƙara da cewa ƙananan halittu ne suka gina shi kamar yadda gara ke gina suri. Baba, ka ga surinka ya shiga.

Baba Alto:
Ya shiga a matsayin misali, ni kuwa suna na kawo. Tsauni ba a gina shi, 'yata, wannan kuwa ginawa aka yi. Ki yi shirinki, ba zan hana ba, amma a rubutuna surin teku zan ci gaba da sawa. Usman, na janye maganar da na yi maka.

Usman Bur Sudan:
Ya wuce, Baba. Tsaunin ma bai cika mini ba, amma ya fi suri kusa.

Rabi'atu:
Yanzu na sake sauraren hirar, ashe ya ambaci polyp har sau huɗu, wato ɗaya-ɗayan halittar mai baki da 'yan hannuwa kewaye. Hajiya Binta, kafin gobe da dare akwai abin da kike kiransa a aji?