Muhawara: Shin ya kamata a daina kafa maɓallai da ƙidayar fiksel?

Injiniya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in ajiye wata magana a faifai, kuma na san ba kowa ne zai yarda da ita ba. Matsayina shi ne, duk mai rubuta manhajar da za ta yi aiki a Windows da macOS da Linux gaba ɗaya, bai kamata ya kafa ko da maɓalli guda da ƙidayar fiksel (ƙananan ɗigogin da suke haɗa hoton allo) ba, wato ya ce maɓallin nan ya zauna a fiksel 20 daga hagu, 300 daga sama, faɗinsa kuma 75. Abin da ya dace shi ne ya bayyana dangantakar abubuwan da ke cikin taga, wannan yana gefen wancan, wancan yana miƙewa idan taga ta buɗe, sannan ya bar wa mai tsara shimfiɗa, wato sashen manhaja da ke jera abubuwa a taga, aikin lissafin wuri da girma.

Hujjata tana kan rubutu. Windows yana rubuta lakabinsa da haruffan Segoe UI tun zamanin Vista, macOS ya koma San Francisco a 2015, GNOME na Linux kuwa ya daɗe yana amfani da Cantarell kafin ya koma Adwaita Sans a 2025, kuma kowanne da faɗin harafinsa da tsayin layinsa. Kalmar da ta zauna daram a maɓallin Windows tana iya taɓa gefen maɓalli a Linux, alhali mai shirin bai canza komai ba. Lambar da ka rubuta da hannu a kwamfutarka kaɗai take gaskiya.

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Injiniya, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma ka yi mata faɗin da ya wuce hujjarta. Na fara wannan aiki da kayan gina manhaja na Visual Basic da Delphi, inda mutum yake jan maɓalli da linzami ya ajiye shi inda yake so, kuma abin da idonsa ya gani shi ne abin da mai amfani zai gani. Da buƙatar miƙa taga ta taso ba a rushe wannan tsari ba, ɗauri kawai aka ƙara masa. Delphi 4 ya zo da Anchors a 1998, Windows Forms kuma ya zo da Anchor da Dock a 2002, ta yadda za ka ɗaure maɓalli da kusurwar dama ta ƙasa ya riƙa bin ta, ka ɗaure akwatin rubutu da hagu da dama ya riƙa miƙewa. Mai koyo yana gane wannan cikin yini guda.

A gwada shi da GridBagLayout, mai tsara shimfiɗa na Java, inda abu ɗaya yake da saituna 11 da za a iya cikewa kafin ya zauna inda ake so. Na taɓa gadon wata manhaja da aka gina da akwatunan shimfiɗa, akwati cikin akwati har hawa shida, na kwana biyu ina neman inda wata 'yar tazara ta fito a ƙarƙashin wani lakabi, daga ƙarshe na tarar da ita a akwati na huɗu, wanda ba shi da wani aiki sai riƙe na biyar. Da lambobi ne a rubuce, da minti ɗaya ya ishe ni. Wanda ya ce a bar wa na'ura lissafi, ya kamata ya faɗi wanda zai bi sawunta ranar da ta yi abin da ba a zata ba.

Mai Fassara:

Malam, ina girmama shekarunka a wannan fage, amma ni ce nake karɓar tagogin da aka kafa da lambobi bayan masu su sun gama, don haka bari in faɗi abin da nake gani. Kalmar Settings ta Ingilishi haruffa 8 ce, takwararta ta Jamusanci, Einstellungen, haruffa 13 ce. Umarnin Save as kalmomi biyu ne gajeru, amma idan zan mayar da shi Hausa yadda mutum zai gane, sai in ce "Ajiye da wani suna". A wani aiki da na yi, maɓallin ya nuna "Ajiye da wa" ya haɗiye sauran, kuma da na kai kuka amsar da aka ba ni ita ce in gajarta fassarar. Haka ake tilasta wa harshe ya tsuguna don ya shiga akwatin da aka auna da wani harshen, mai amfani kuma ya riƙa karanta guntayen kalmomin da ba wanda yake faɗarsu.

Akwai abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, tsarin yakan aro su daga wani salon, kuma aron yana iya ƙara wa layin tsayi, sai lakabin da aka yanka wa tsayi daidai wa daida ya datse ƙasan haruffa. Ga kuma rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, irin Larabci da ajami, inda ake so taga gaba ɗayanta ta juya, lakabi ya koma dama, akwatinsa ya koma hagu. Shimfiɗun Qt da GTK, kayan gina tagogin manhaja, suna yin wannan juyin da kansu. Wanda ya rubuta fiksel 20 daga hagu kuwa, sai dai ya sake zana kowace taga.

Ɗalibi:

Ina neman afuwar manya, ina da tambaya. Idan matsalar girman allo ce, me zai hana a riƙe lambobin, sannan a ninka su gwargwadon yadda mai amfani ya saita allonsa? Na ga Windows yana ɗaukar ɗigo 96 a inci a matsayin ma'auni, idan aka ɗaga zuwa kashi 150 cikin ɗari ya zama 144. Ashe ba ninkawa da ɗaya da rabi ba ne kawai?

Injiniya:

Tambayarka ta yi kyau ƙanena, kuma ana yin hakan, sai dai rabin ciwon yake warkarwa. Ɗauki maɓallin Windows na al'ada, faɗi 75 tsayi 23. Idan ka ninka da ɗaya da rabi za ka samu 112.5 da 34.5, kuma babu rabin fiksel a gefen maɓalli, dole a ɗaga ko a sauke. Abubuwa goma a jere, kowanne da nasa ɗagawa ko saukewa, sai gefunan da suke a layi ɗaya su fara saɓawa. Rubutu kuma ba lallai ne ya girma daidai da ninkin ba, domin ana daidaita haruffa da fiksel ɗin allo. Sannan ninkawa ba ta san an canza harshe ba, ba ta kuma san cewa mai raunin gani ya ƙara girman haruffa kaɗai ya bar sauran abubuwa yadda suke ba.

Bari in bayyana yadda mai tsara shimfiɗa yake aiki, don kada a ɗauka tsafi ne. Zagaye biyu yake yi. Da farko yana tambayar kowane abu girman da yake so da mafi ƙanƙantar girman da zai iya jurewa, maɓalli kuma ba ya amsawa sai ya auna rubutun da ke kansa da haruffan da ake amfani da su a wannan kwamfutar a wannan lokacin. Amsoshin suna hawa daga ciki zuwa waje har taga ta san iyakar da ba za ta matse ta wuce ba. Daga nan sai rabon fili ya sauko daga waje zuwa ciki, kowa ya samu haƙƙinsa, rarar kuma a raba ta bisa kason da mai shirin ya ƙayyade. A Qt ana kiran amsar farko sizeHint, a wxWidgets masu rabon su ne sizers, Tk kuma yana da mai tsara shimfiɗa mai suna pack tun farkon shekarun 1990 kafin grid, mai jera abubuwa a layi da ginshiƙi, ya biyo baya. A taga mai jerin sunaye da maɓallai biyu a ƙasa, abin da zan faɗa kawai shi ne jerin ya cinye duk rarar fili, maɓallan su tsaya a girman rubutunsu. Wannan magana tana nan daidai ko da wane harshe aka zo, ko da wane allo.

Tsohon Hannu:

Malama, na karɓi hujjarki a kan fassara, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin aron haruffa ba sai yau. Amma Injiniya ya kawo misalin da ya fi kowanne sauƙi. A saka lakabi mai dogon bayani wanda yake naɗewa zuwa layi na biyu da na uku, a ga yadda zagaye biyun nan za su ƙare. Tsayinsa ya dogara da faɗin da aka ba shi, faɗin kuma ba a san shi ba sai an gama rabo, rabon kuma yana jiran tsayin. GTK bai shigar da maganin wannan cikin ginshiƙin tsarinsa ba sai a GTK 3, a 2011. A tsofaffin fitowar Tk, idan ka haɗa pack da grid a cikin akwati ɗaya, su biyun sukan yi ta ja-in-ja a kan girma har manhajar ta sandare.

Sannan akwai fuskokin da matsayin kowane abu shi ne ma'anarsa. Manhajar haɗa sauti da ke kwaikwayon teburin situdiyo, ko allon da ke nuna zanen bututu da famfunan masana'anta, ba a so wani lissafi ya matsar da abu ɗaya daga inda yake, domin hannun mai aiki ya riga ya haddace wurin. Kalmar "ko da maɓalli guda" ita nake ƙi.

Malamar Lissafi:

Na jima ina karantawa, kuma a ganina tazarar da ke tsakaninku ba ta kai yadda kuke zato ba. Malam, ɗaurin da kake yabo shi ma shimfiɗa ce mai sarrafa kanta, domin idan ka ce gefen daman maɓalli ya kasance fiksel 8 daga gefen daman taga, dangantaka ka rubuta, na'ura ce take fitar da matsayin duk lokacin da taga ta motsa. Rauninsa shi ne yana kallon bangon taga, ba ya kallon maƙwabci, shi ya sa idan lakabi ya yi tsawo sai ya hau kan akwatin da ke gefensa. Lazarus, kayan gina manhaja mai kama da Delphi, ya rufe wannan gibi da ya ba da damar ɗaure gefen abu da gefen ɗan uwansa, tare da barin abu ya ɗauki girman rubutunsa.

Idan aka bi wannan hanya har ƙarshenta, ana isa ga Cassowary, dabarar warware ƙa'idoji da Alan Borning da Greg Badros da abokan aikinsu suka samar a ƙarshen shekarun 1990, wadda Apple ya gina tsarin shimfiɗarsa, Auto Layout, a kanta, a Mac a 2011, a iOS kuma a 2012. A nan kowace dangantaka lissafi ce ta daidaito ko ta rinjaye, misali faɗin maɓalli kada ya gaza faɗin rubutunsa, kuma kowace tana da daraja daga 1 zuwa 1000, inda 1000 take nufin tilas. Amfanin darajar shi ne mai shirin yana faɗa tun da wuri abin da za a sadaukar idan fili ya ƙare. Sai dai kukan Malam yana nan a wannan tsarin ma, har ya fi tsanani: idan ƙa'idoji biyu na tilas suka ci karo, tsarin yakan karya ɗaya don ya ci gaba, idan kuma ƙa'idojin ba su isa ba, amsa fiye da ɗaya takan yi daidai, abu ya zauna inda ba a nufa ba. Wahalar bin sawu gaskiya ce, kuma ban ga amfanin a musa ta ba.

Mai Fassara:

Ƙari kaɗan a kan bambancin dandamali, wato Windows da macOS da Linux. A Windows maɓallin amincewa yana hagu, na sokewa yana dama, a macOS da GNOME kuwa akasin haka ne. Qt yana da QDialogButtonBox wanda yake jera su bisa al'adar kowane dandamali. Wanda ya kafa su da lambobi ya zaɓar wa kowa al'ada guda, kuma hannun da ya saba da ɗayar zai danna sokewa yana nufin amincewa.

Injiniya:

Na yarda in rage faɗin maganata, amma ba zan janye ta ba. Filin da manhaja take zana shi da kanta, irin teburin sauti ko zanen bututu, hoto ne, a yi masa lambobi a cikinsa, a kuma ƙara masa girma ko a ƙanƙanta shi gaba ɗaya. Tazara tsakanin abubuwa ita ma lamba ce, sai dai a rubuta ta da ma'aunin da ba ya bin yawan fiksel ɗin allo, kamar dp na Android. Amma duk abin da yake ɗauke da rubutun da za a iya fassarawa ko a ƙara masa girma, ban yarda mutum ya yanka masa faɗi da hannu ba. Akwatuna hawa shida da Malam ya gada kuwa, laifin wanda ya gina su ne, domin layi da ginshiƙi na grid guda ɗaya sukan wadatar da yawancin tagogin cike bayanai.

Tsohon Hannu:

Idan haka ne mun matso kusa, amma ban gamsu cewa akwatuna sun fi ɗauri da maƙwabci sauƙin gyara ba, kuma baki ba zai raba mu a nan ba. Zan gina taga guda sau biyu, ɗaya da ɗauri irin na Lazarus, ɗaya da grid na Qt, kowacce da lakabi biyar da akwatunansu, da dogon bayani mai naɗewa, da maɓallai biyu a ƙasa. Malama Mai Fassara, ki taimaka mini da fassarar Hausa da ta Larabci, kada ki gajarta ko kalma ɗaya. Zan gwada su a Windows da Linux, a kashi 100 da 150 da 200, in matse kowace taga har iyakarta, in juya tagar Qt ta koma daga dama zuwa hagu da umarnin -reverse, sannan in kawo muku hotunansu a nan tare da adadin mintunan da kowane gyara ya ci mini.

Mai Fassara:

Na amince Malam. Ka turo mini jerin kalmomin, kuma ka bar dogon bayanin ya kai jimla uku, domin a nan ne nake sa ran za a ga bambancin.