Ina son haɗa manhajar sanar da rufe hanya a Legas, ku ba ni shawara

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai rubuta manhaja ne, yayana kuma direba, yana ɗauko tumatur da attaruhu daga kasuwar Mile 12 ya kai wa masu gidajen abinci a Island. Makon jiya ya fita da asuba, taswirar wayarsa ta saka shi wani layi, ashe an haƙe shi ana gyaran kwalbati. Ga motoci sun taru a bayansa, ba damar juyawa. Kafin ya fita rana ta take, kwando biyu na ƙasa sun zama ruwa.

Shi ne nake tunanin haɗa wata 'yar manhaja wadda lambobinta za su kasance a buɗe, kowa ya duba, ya gyara, ya ɗauka kyauta. Duk wanda ya ga an rufe hanya ya sanar, manhajojin nuna hanya su ɗauka su kauce. Niyyata in riƙa saka rufewar kai tsaye a OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, tunda kowa na iya gyara ta. Wanda ya san harkar ya ɗora ni a hanya don Allah.

Mai taswira daga Yaba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tunanin ya yi, amma kada ka taɓa ainihin taswirar. An kafa OpenStreetMap a 2004 don abubuwan da ke daɗewa, masu gyaranta ba sa son a saka rufewar kwana biyu. Dalilin a fili yake: manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps saukar da taswira suke yi a waya, wani sai ya yi wata bai sabunta ba. Ka rufe titi yau, a buɗe shi jibi, shi a wayarsa yana nan a rufe har bayan salla.

Ka yi rumbunka daban. Kowane rahoto ya ɗauki layin titin, da ɓangaren da aka rufe, da lokacin farawa da na ƙarewa, ka fitar da shi a tsarin GeoJSON, wato tsarin rubuta bayanan taswira. Injin lissafin hanya irin Valhalla yana karɓar wuraren da za a kauce wa a cikin tambaya, ka ga ba ka ɓata wa kowa taswira ba. Kafin ka ƙirƙiro naka tsarin, leƙa tsare-tsaren musayar bayanan hanya, DATEX II na Turai da WZDx na Amurka. Sun maka nauyi, amma za ka ga abin da suke tambaya. Kuma kada ka kwafi komai daga Google Maps ko Waze, sharuɗɗansu ba su yarda ba.

Tsohon direba, Mile 12:
Yaro, ni ban san wannan turancin naku ba, amma na fi shekara ashirin a kan titin Ikko. Abin da Malam ya ce na ɓangare da lokaci, riƙe shi da kyau. Lokacin gyaran gadar Third Mainland a 2020, da wanda aka fara a Janairun 2024, ai ba rufe ta aka yi gaba ɗaya ba. Hannu ɗaya aka bari, da safe na masu shiga Island, rana ta yi a juya wa masu dawowa ta Oworonshoki. In manhajarka "a rufe" kawai ta iya faɗa, ta yi wa rabin mutane ƙarya, ta tura su gadojin Eko da Carter su cushe a banza. Gadar nan kusan kilomita 12 ce, wanda ya yi kuskuren hawa ba shi da wurin sauka kusa.

Sannan manyan rufewa ba su ne ciwon kanmu ba. Waɗannan gwamnati na sanarwa, LASTMA mai kula da zirga-zirgar motoci na faɗa, rediyon Traffic a 96.1 na maimaitawa, har tseren gudun Fabrairu ana sanin titunansa tun da wuri. Abin da ke cin mu shi ne rumfar biki da aka kafa a tsakiyar layi ranar Asabar, da ƙofar unguwa da mai gadi ya kulle ya tafi cin abinci, da tirela da ta kwanta a hanyar Apapa, da ruwa in ya cika titi a damina. Mu ma, mu faɗi gaskiya, ranar Juma'a sahunmu kan fito har kan kwalta.

Hajiya mai aiken kaya, Idi-Araba:
Ɗana, tambaya ɗaya: wa zai zo ya ce an buɗe? Mutum na cikin cunkoso ransa a ɓace zai yi rahoto, amma in hanya ta saki babu mai tunawa da kai. Yarana masu kai saƙo suna da zaure a WhatsApp, na sha ganin saƙon jiya ya sa wani ya yi zagayen banza yau. Ka sa kowane rahoto ya mutu da kansa, na biki zuwa dare, na haɗari bayan awa biyu ko uku, sai in wani ya sake tabbatarwa. Kuma direba ba zai tsaya cike fom ba. Ya danna wurin da yake, ya yi magana da Hausa ko Yarbanci ko buroka, shi ke nan.

Baƙon Obalende:
Kun manta da 'yan ƙeta. Wani zai ce an rufe layinsu don kawai motoci su daina damunsa. Kada rahoton mutum ɗaya ya rufe babban titi, a jira na biyu. Kuma kada ka adana lambar waya tare da wurin da mutum yake, tunda rumbun a buɗe zai kasance.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na fasa taɓa taswirar. Zan fara da hanya ɗaya tak, Mile 12 zuwa Ketu, Ojota, har Island, da direbobi goma na wajen yayana. Baba, in ba damuwa zan same ka a kasuwa ranar Lahadi bayan la'asar, ka lissafa mini layukan da aka fi kulle ƙofarsu.

Tsohon direba, Mile 12:
Ka zo. Amma kada ka biyo ta Ketu, akwai biki.