Tsohon teburin pul ko sabo: abin da masu gyara suka ce

Da aka tattauna da masu gyara da 'yan wasan pul, wato wasan da ake buga ƙwallaye da sanda su faɗa ramukan tebur, bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: kafin ka kalli kyallen sama, leƙa ƙarƙashi. Tsofaffin tebura na ƙarshen ƙarni na 19 katako ne zalla, ga allon dutse mai kauri, sau da yawa gida uku ko huɗu. A cikinsu ana ɗaure gefuna, wato katakon da ya kewaye teburin mai ɗauke da roba, da noti ta gefen dutsen, na zamani kuwa ta ƙasa ake ɗaurewa, shi ya sa kayan wannan ba sa shiga wancan. Sababbi masu kyau suna da dutse mai kaurin inci 1, gida uku, a cike haɗin da kakin zuma. Masu araha garin katako ne aka matse. Da ya sha laima sai ya lanƙwashe, ƙwallo ta riƙa gangarawa da kanta.

Wani daga cikinsu ya ce a danna robar gefe da babban yatsa: in ta bushe ta yi tauri, ƙwallo ba za ta dawo da ƙarfi ba, sai canji. Ni dai a nan tsoho ya fi cin kuɗi. Kuma kada a ɗaga teburin dutse ba a kwance shi ba, dutsen na iya tsagewa.