Wa ya taɓa kai maƙwabcinsa caji ofis? Ku faɗa mana yadda ta kaya

Abban Sadiq, Rijiyar Lemo

Salamu alaikum jama'a. Ta bakin waɗanda abin ya faru da su nake son ji, ban da ji-ta-ji-ta. Maƙwabcina ya ɗaga dandamalin ƙofar gidansa ya toshe kwata, yanzu duk ruwan da aka yi sai ya kwana a zaurenmu. Na yi masa magana, na tura masa dattijo, shiru kake ji. Ƙanena ya ce in kai shi caji ofis a huta. Uwargida ta ce kada in soma, tunda yaranmu da nasa makarantar allo ɗaya suke zuwa. Wanda ya taɓa kiran 'yan sanda kan irin wannan, an samu zaman lafiya bayan nan?

Maman Ummi, Ɗorayi

Wa alaikumus salam. Malam, ka ji maganar matarka. A gidan hayar da muka zauna yara ne suka yi faɗa kan layin famfo, iyaye mata suka shiga, aka yi cacar baki har ɗaya ta yaga wa ɗaya mayafi. Mai mayafin ta hau adaidaita sai caji ofis. Ni shaida aka kira ni. Da muka je, aka sa su biyun bayan kanta, mai ƙara da wadda ake ƙara, ga goyo a bayan ɗaya yana ta tsala kuka. A bango an manna takarda cewa beli kyauta ne, amma sai da mazajensu suka fita waje aka yi ƙus-ƙus kafin a sake su bayan isha'i. An sa su sun rubuta cewa sun yafi juna, sun sa hannu. Wallahi daga ranar ko gaisuwa babu. Da aka yi haihuwa a ɗakin ɗaya, ɗayar kulle ƙofarta ta yi ta tafi gidansu har aka gama suna. Su kuwa yaran da suka jawo abin, washegari tare suka tafi sayen awara.

Ɗan Kwari

Ni tawa ta bashi ce. Yayana ya karɓi dilar atamfa a hannun wani, kasuwa ta juya masa baya, ya tafi Legas neman yadda zai yi. Mai kaya ya zo da 'yan sanda shago, ba su same shi ba, sai suka tafi da ni, wai idan ya ji an riƙe ni zai fito. A sel na kwana kan kayan da ko taɓa su ban yi ba. Abin da ya warware maganar kuwa shugabannin layinmu ne, da suka zaunar da mai kayan aka tsara biya kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. An gama biya tuni. Amma har gobe idan na hango shi a masallacin Juma'a sai in sauya sahu.

Lauya a Zoo Road

Ɗan Kwari, abin da aka yi maka doka ta hana shi ƙarara. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma haramta kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma haka ta ce, Jihar Kano kuma ta yi tata a 2019. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, in babu cikin kwana biyu. A Kano kuwa ina ne babu kotu a kusa?

Matsalar ita ce mu kanmu mun mai da caji ofis wurin karɓar bashi. Mutum ya san kotu za ta ɗau lokaci, sai ya canza wa maganar riga, ya ce zamba cikin aminci aka yi masa, don ta zama laifi. Yau kai ne mai ƙara, gobe kai za a yi wa.

Abban Sadiq, taka ba ta 'yan sanda ba ce, muddin ba a kai ga duka ko barazana ba. Ka fara da mai unguwa. In ta gagara, akwai duba-gari na ƙaramar hukuma, akwai kuma hukumar tsara birane, KNUPDA, domin kwata ba mallakar mutum ɗaya ba ce.

Matashi daga Kurna

Ku yi haƙuri, kada a yi musu kuɗin goro. Duk wanda yake zaune inda ake faɗan daba ya san daɗin jin jiniya. Ran nan bayan magariba wasu suka shigo layinmu da adduna da gora suna neman abokan gabarsu, duk wanda suka tarar sai ya ba da waya. Wane mai unguwa ne zai tare su? Shi ma gidansa ya kulle. Wani maƙwabcinmu da yake da lambar DPO, wato shugaban caji ofis, ya kira, motar sintiri ta zo, da suka hango fitilarta kowa ya kama gabansa.

Na kuma ga wata da idona a bakin titi. Aka yi ihun ɓarawon waya, aka rufe wani yaro da duka, har wani ya gangaro da taya. Yaron yana rantsuwa, bakinsa duk jini, ba mai sauraro. 'Yan sanda biyu ne suka kutsa, ɗaya ya riƙe shi a ƙugu ya jefa shi bayan mota, mutane suna jifan motar. Ko shi ya ɗauka ko ba shi ba, da sun makara da minti kaɗan da sai dai a kwashi gawa.

Maman Ummi

Wannan gaskiya ne ɗana, ban musa ba. Inda aka zare makami ai ba a jiran dattijo. Ni rigimar gida da ta maƙwabta nake nufi.

Tsohon Sufeto

Na yi aikin nan har na yi ritaya, bari in faɗi wadda ba a so. Akwai ɓata-gari a cikinmu, ba zan kare su ba. Amma kuɗin mai da ake tambayar mai ƙara, sau da yawa motar ce da gaske ba mai. Takardar rubuta jawabi ma akwai lokacin da daga aljihunmu muke saya. Kuma mutum goma za su shigo da ƙara, da ƙyar ka sami uku da sulhu suke nema. Sauran cewa suke, "Yallaɓai, so nake a koya masa hankali." Idan ka ce su koma gida su sasanta, sai a fita ana cewa an saye ka. Idan ka tsare, ka zama azzalumi.

Mu da muke bakin aiki ranar 20 ga Janairun 2012, da aka kai hari hedkwatar 'yan sandan jiha da ke Bompai da ofishin shiyya ta ɗaya da wasu caji ofis, mun binne abokan aiki. Bayan nan aka jibge buhunan yashi da shingaye a ƙofar kowane ofis, talaka ya ƙara jin tsoron shiga. Wannan nisan bai gama rufewa ba har yau. Shawarata, in za ka je, ka tafi da wani babba, ka nemi ganin DPO da kansa, kada ka tsaya a kanta.

Baba Malam, cikin Badala

Sufeto, Allah ya saka da alheri. Tsoron ya girmi 2012. Muna yara, 'yan doka na En'e ne suke kamu, kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya wajen ƙarshen shekarun 1960, kuma ko a lokacin uwa da ɗan doka take tsorata yaro. Amma kafin magana ta kai gare su sai ta bi ta zauren mai unguwa, ta wuce wurin dagaci ko wakili, ta je ga hakimi. Yawanci a zauren farko take mutuwa, saboda mai unguwa ya san kakan kowa. Zauren Sulhu da aka kafa zamanin gwamna Malam Shekarau ai wannan aka so a farfaɗo da shi.

Anti Amarya, Sheka

Baba, a gafarce ni, zauren ma ba kowa yake yi wa daɗi ba. Lokacin da mijin ƙanwata yake dukanta, duk zaman da aka yi a unguwa haƙuri ake ba ta, saboda shi mai hannu da shuni ne, ita kuma baƙuwa ce a layin. Sai da muka je Hisbah, hukumar da aka kafa da doka tun 2003, aka zaunar da shi ya rubuta alkawari. Da ya sake, har ya fasa mata baki, asibiti muka fara zuwa, daga nan sai wurin 'yan sanda, suka kai shi kotu. Auren bai rayu ba, ita dai ta rayu, tana saƙa da ɗinkinta.

Ɗan Kwari

Barista, idan aka sake kama wani nawa kan bashin da ba shi ya ci ba, ina zan nufa a daren? Ba kowa ke da lauya a waya ba.

Lauya a Zoo Road

Ka rubuta sunan jami'in da lokacin da aka yi kamun, ka nemi DPO. In bai saurare ka ba, da safe ka kai ƙorafi a rubuce ofishin kwamishina a Bompai, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Rundunar tana da sashen karɓar ƙorafi, CRU, da ake samu ta waya da WhatsApp. Hukumar Legal Aid ma tana da ofis a Kano, kyauta take tsaya wa marar ƙarfi. Kuma kada wanda aka kama ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba, ko da an ce masa ta sallama ce.