Wanda bai iya rubuta manhaja ba, me zai tsinana a aikin sa ido kan ƙirƙirarriyar basira (AI)?

Barista: Jama'a, shawara nake nema. Shekarata 11 ina aikin lauya, galibi kan kwangila da kare bayanan mutane. Yanzu ina so in koma ɓangaren sa ido kan ƙirƙirarriyar basira, wato masu tabbatar da cewa na'urorin nan ba su cuci jama'a ba. Wani abokina ya ce kada in ɓata lokacina, wai duk wanda bai iya rubuta manhaja ba ɗan kallo ne a wannan fage. Haka abin yake?

Injiniya: Barista, ka yi haƙuri, amma abokinka bai yi ƙarya ba. Ta yaya za ka binciki abin da ba ka san cikinsa ba? Za mu kawo maka rahoto mai shafi 40, mu ce an gwada komai lafiya lau, ka sa hannu, ka zama ɗan amshin shata. Dubi binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018. Manhajojin da ke gane mace ko namiji daga hoton fuska, kuskurensu a kan maza farare bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a kan mata masu duhun fata ya kusa kashi 35. Masu ilimin kwamfuta ne suka zauna suka gwada har suka gano haka.

Hajiya: Injiniya, a nan ban yarda da kai ba. Ni daga binciken kuɗi na banki na koma wannan aikin, kuma har yau layi ɗaya na manhaja ban iya rubutawa ba. A watana na uku aka kawo mana wata manhaja mai tace masu neman bashi. Yaran da suka gina ta suka haska allo, suka nuna cewa ta fi ma'aikata daidaito. Kowa na gyaɗa kai. Ni dai na ce a raba mini waɗanda ta ƙi bisa jinsi da shekaru. Aka ce ai ba a ba ta jinsi ba. Na ce to, a karanto mini abin da aka ba ta ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa sai ga shi, tsawon lokacin da mutum ya yi bai karɓi albashi ba. Su wa suka fi barin aiki na wata da watanni? Masu haihuwa da jego. Ɗakin ya yi tsit. Tsohuwar sana'ata ce ta koya mini wannan tambayar. Irin haka ya faru da Amazon, kamar yadda Reuters ta ruwaito a 2018: manhajarsu ta tace takardun neman aiki ta koyi rage wa mata maki, saboda yawancin takardun da ta yi koyo da su na maza ne, har suka watsar da ita.

Injiniya: Amma Hajiya, kin iya karanta alƙaluma. Barista fa?

Hajiya: Wannan kam dole ya koya, babu gudu babu ja da baya.

Malam: Ku duka kun tsallake babbar tambaya. Aikin ma yana da tabbas? Barista, kada ka yi wa rogo kallon kitse. A Nuwamba 2022 Twitter ta sallami kusan dukan masu kula da ɗa'ar manhajojinta. A Maris 2023 aka ji Microsoft ta rushe sashenta na ɗa'a da al'umma, daidai lokacin da take zuba kuɗi a fasahar. Idan aljihu ya matse, su ake fara kora. Yawancinsu kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi.

Barista: Malam, wannan ne ma ya ja ni. Waɗancan sassan don ganin dama aka kafa su, shi ya sa aka rushe su don ganin dama. Yanzu doka ta shigo. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024, haramcin wasu ayyuka ya soma a Fabrairu 2025, tara kuma tana iya kai Yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Ɗaukar ma'aikata da tantance masu neman bashi suna cikin abubuwan da ta sa a rukunin babban haɗari. Kamfani ba ya wasa da mai kare shi daga irin wannan tara.

Malam: Kare kamfani ka ce fa. Jama'ar da ka fara ambata kuma wa zai kare su?

Barista: Ka kama ni. Amma a Holan ba kamfani ba ne, hukumar haraji ce ta yi amfani da tsarin kwamfuta ta zargi dubban iyaye da cin kuɗin tallafin yara ba da haƙƙi ba, har gwamnatin Mark Rutte ta sauka a Janairu 2021. Da akwai wanda ke da ikon cewa a dakata, kuma a saurare shi, da ba a kai nan ba.

Ƙanwa: Anti, ni ɗaliba ce. Takardar shaidar ƙwarewa a wannan fage, AIGP, wadda ƙungiyar masana kare bayanan mutane ta IAPP ke bayarwa, ta isa a samu aiki?

Hajiya: Ƙanwata, takarda tana sa a kira ki ganawa, iyakarta ke nan. Fara da tsarin kula da haɗarin ƙirƙirarriyar basira da NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, ta fitar a Janairu 2023, kyauta ne a intanet, sannan ki leƙa ISO 42001, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da ƙirƙirarriyar basira. Sai ki ɗauki manhaja guda da kika sani, ki rubuta wa za ta iya cuta da kuma wa zai amsa laifin.

Injiniya: Har yanzu ina kan bakana, rabi dai. Barista, anjima zan turo maka jadawali na sakamakon wata manhajar gwaji, rukuni huɗu na mutane. Ka gaya mini wane rukuni aka fi ƙi bisa kuskure, kuma kada Hajiya ta raɗa maka.

Barista: Turo. Amma ka haɗo da jerin abin da aka ba ta.